Haƙorin Ma'u

Litinin, 13 ga Satumba 1954, bayan la'asar

Likitan haƙori ya zo makarantarmu yau, ya kuma tafi. Bature ne dattijo, daga Kaduna, shi da mataimakinsa da direba. Zagaya makarantun elemantare suke yi suna koya wa yara kula da baki. Da yake ni ne hedimasta, ni na yi tafinta.

Bari in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, tun ban manta ba.

Mun zaunar da yara a gindin ɗorawa. Ya nuna musu burushi, sannan ya ce a kawo asuwaki. Ya jujjuya shi, ya yaba, ya ce wanda ya riƙe wannan safe da yamma ba ya bukatar burushi. Ya ce a rage alewa da rake. Wani daga baya ya ce, "Malam, goro fa?" Aka yi dariya, har Baturen. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba baki. Waɗanda haƙoransu ke girgiɗa ya cire musu da ɗan awartakinsa, yana jefawa cikin gwangwani. Ni na riƙe gwangwanin.

Na Ma'u ne kawai ya ba shi wahala. Ma'u 'yar Maliki ce, Bafillatanin da ke da ruga ta hanyar Kazage. Bara na yi ta zirga-zirga wajensa kafin ya yarda ya ba ni ita, ita kaɗai ce 'yar Fulani a makarantar. Haƙorinta na ciki ne, ya yi rami ya yi baƙi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe hannun rigata.

Daga ƙarshe Baturen ya tsaya gabansu ya yi magana, na fassara, sai ya sa yatsu a baki ya zaro haƙoransa gaba ɗaya, na sama da na ƙasa, ya ɗaga su sama. Ashe ƙerarru ne. Bakinsa ya lotsa kamar na tsohuwa. Yara suka watse da ihu, wasu har bayan masallaci. Shi kuwa dariya yake ta yi.

Sun tafi kafin azahar. An yi lafiya, ina tsammani.

Talata, 14 ga Satumba, bayan azahar

Kusan rabin yara ba su zo ba.

Da na dawo gida Furera, matata, ta ajiye mini abinci ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, me ka ce wa 'ya'yan mutane jiya?"

Na ce abin da Bature ya ce na faɗa: in ba ku kula da haƙoranku ba, za su zama irin nawa.

Ta ce, "To ba haka ake faɗi a bakin rijiya ba. An ce cewa ka yi za su zama nawa. Sannan ya ciro na bakinsa ya nuna musu waɗanda ya riga ya tara. Kai kuma kana riƙe masa gwangwani."

Na kira Talatu, 'yarmu, tana aji ɗaya, tana wurin jiya. Na ce ta faɗi abin da ta ji na ce. Ta ce, "Baba, ni rufe ido na yi." Na ce ai ba da ido ake ji ba. Ta ce ta rufe kunne ma.

Na ce irin. Na tabbata na ce irin.

Laraba, 15 ga Satumba, kafin magariba

Maliki ya zo da hantsi. Bai shigo aji ba, ya tsaya a rana da sandarsa. Mun gaisa, gaisuwa gajera.

Ya ce, "Malam, na zo karɓar haƙori."

Na ce ai likita ya tafi da gwangwanin.

Ya ce, "Wa ya ba shi?"

Na fara yi masa bayani cewa haƙorin ruɓaɓɓe ne, ba shi da amfani, zubarwa za a yi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce kumatun Ma'u ya kumbura tun daren jiya, jikinta ya yi zafi. Ya ce, "Yarinya na ba ka ka koya mata karatu. Ban ba ka ka raba wa baƙi ba."

Na ce ya kawo ta asibitin En'e wajen Malam Dabo a yi mata allura. Ya dube ni kawai, ya juya.

Na san al'adar, a cikinta na tashi. Yaro in ya yi famfara shi da kansa ke jefa haƙorinsa kan jinka, ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Haƙori da gashi da farce ba a barin su hannun baƙo, don da su ake yi wa mutum sammu. Duk na sani. To me ya hana ni cewa Baturen ya miƙa wa kowane yaro nasa? Ko a raina bai zo ba. Hankalina na kan kada in yi kuskuren Turanci a gabansa.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Na je wajen Dabo. Tare muka yi Midil a Zariya, shi ya bi aikin asibiti. Na same shi yana dafa allurai, labari ya riga ni isa.

Ya ce, "Mu'azu, kai da ka cinye mu a Turanci, ashe Hausa ce za ta kayar da kai?"

Ban yi dariya ba, sai ya daina. Na tambaye shi ko za a iya aikawa Kaduna a dawo da gwangwanin. Ya ce, "Wane gwangwani? Ai kafin su kai Buruku sun watsar da shi a ciyawa." Ya ce kumburi bayan cire haƙori yakan faru, musamman in ruɓar ta riga ta shiga ƙashi. Yana da allurar fensilin kaɗan, mai kashe ƙwayar cuta. A kawo ta da wuri. Ya maimaita, da wuri.

A kasuwa mai nama bai amsa sallamata ba. Mai yiwuwa bai ji ba.

Asabar, 18 ga Satumba, da yamma

Na hau keke zuwa rugar Maliki. Babu kowa. Turakun maruƙa na nan, toka na nan, kashin shanu bai gama bushewa ba. Sawu ya nufi yamma, cikin dajin Kamuku. Na bi kaɗan, ciyawa ta fi ni tsawo, na dawo.

Mutum ba ya tayar da ruga a tsakiyar damina haka kawai.

Lahadi, 19 ga Satumba, da safe

Za su zama irin nawa. Za su zama nawa. Na yi ta faɗa a bayan gida don in ji wanda bakina ya saba da shi. Duka biyun suna fita da sauƙi.

Talata, 21 ga Satumba, bayan azahar

Yara sun ƙara raguwa. Na koya wa waɗanda suka zo lissafi. Na lura duk wanda na tambaya sai ya sa hannu ya rufe baki kafin ya amsa.

Liman ya tare ni bayan salla, ya ce in yi haƙuri, magana ce, za ta wuce. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Amma Malam, tsakaninka da Allah, na mutane ne ko ba na mutane ba ne, haƙoran da Baturen ya ciro daga bakinsa?" Na ce ƙerarru ne, a Ingila ake yin su. Ya ce da me? Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba.

Alhamis, 23 ga Satumba, kafin magariba

Huraira, uwar Ma'u, ta zo kasuwa da nono. Da ta tashi ta biyo ta gidanmu, ta shiga wajen Furera. Ina zaure ina ji.

Suna can cikin daji kusa da kogin Mariga. Kumburin ya sauko wuya. Bakin ba ya buɗuwa sai kaɗan, da ludayi ake ɗura mata madara. An yi mata sakiya, an huda wurin da kibiya mai zafi, ba abin da ya fito sai jini. Maliki ya rantse allurar Bature ba za ta taɓa jikinta ba sai haƙorinta ya dawo, don a ganinsa da haƙorin ake janye ta.

Furera ta ce, "To ai haƙorin ya tafi, 'yar uwa."

Huraira ta ce, "Ku nemo shi. Ko daga ina." Ta sake cewa, da ƙarfi yadda zan ji daga zaure, "Ko daga ina, Malam."

Ta kwatanta wa Furera hanya. Ta bar mana ƙwaryar nono ba ta karɓi komai ba.

Jumma'a, 24 ga Satumba, bayan masallaci

Haƙorin Talatu na gaba yana girgiɗa. Ita ta zo ta nuna mini, tana tura shi da harshe tana murna.

Na tsura wa haƙorin ido. Furera ta dube ni, ta ja ta suka shiga ɗaki.

Asabar, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Ya fita da tana cin gasasshiyar masara. Ta taho a guje hannu ɗaya a baki, ɗayan a dunƙule, za ta jefa kan jinka. Na ce ta kawo in gani. Ta ba ni. Na ce ta je ta kurkure baki da ruwan gishiri.

Furera ta fito daga madafa. Ta ce, "Malam, mayar mata."

Na ce yarinyar can mutuwa za ta yi.

"Allah Ya ba ta lafiya. Mayar mata."

Na ce haƙori ne kawai, ɗan ƙashi ne, ba ya ji ba ya gani. Ba abin da wani zai iya yi wa mutum da shi. Wannan duk camfi ne, shi muke ta fama mu kawar.

Ta ce, "To in camfi ne me ya sa ka karɓe mata?"

Ta ce za a karɓe shi da sunan mai ciwo, a yi masa tofi da sunan mai ciwo, wataƙila a binne shi. Ta ce in yarinyar ta rasu fa, haƙorin wa ke hannun uban? Ban taɓa jin Furera ta ɗaga mini murya ba sai yau. Ta ce, "Ka ba da na ɗiyar wani ba ka tambaya ba, yanzu za ka ba da na taka kana sane."

Na ƙulle shi a tsumma. Talatu ta dawo ta ce ina haƙorinta. Na ce na jefa mata. Ta ce ai ita ya kamata ta jefa.

Dabo ya yarda mu tafi gobe da sassafe.

Litinin, 27 ga Satumba, da hantsi

Jiya ban iya rubutu ba. Yau ban buɗe makaranta ba.

Mun bar kekuna a wani ƙauye muka shiga da ƙafa. Ciyawa ta rufe hanya, raɓa ta jiƙa mu har wuya. Ba a ganin gaba, ba a ganin baya. Wani wuri muka tarar da itatuwa a kakkarye da kashin giwa sabo yana tururi. Dabo ya daina barkwanci. Mun haye rafi, ruwa har ƙugu, ya ɗora akwatin allura a ka. Kukan shanu ne ya kai mu.

Bukkoki ne kaɗan. Maliki ya fito. Bai yi mamaki ba, bai kuma ba mu tabarma ba.

Na ciro tsumman na miƙa. Tun daga gida nake shirya maganar: an samo a Kaduna, direba ya kawo. Ya fara kwance ƙullin a hankali. Ina kallon yatsunsa. Sai na ji bakina ya ce, "Ba nata ba ne."

Huraira na bakin bukka, ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na wa ne?"

Na ce na 'yata ne, Talatu. Ran Asabar ya fita. Na ce na Ma'u ya ɓata, ba zan iya dawo da shi ba har abada, ni na riƙe gwangwanin. Wannan kaɗai nake da shi.

Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Ɗan ƙarami ne, kamar ƙwayar shinkafa.

Ya ce, "Uwarta ta sani?"

Na ce ta sani, ba ta yarda ba.

Ya ƙulle tsumman, ya cusa cikin hularsa. Ya ce, "Zan riƙe. Ku yi allurarku. In tawa ta tashi, ka zo ka karɓi na taka."

Bai faɗi ɗaya gefen ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na shiga bukkar bayan Dabo. Ba zan rubuta yadda fuskarta ta koma ba. Ta gane ni. Ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu yadda suke yi in an kira suna a aji. Numfashinta yana ƙara kamar ana jan zare ta cikin kara. Dabo ya yi allurar, ya ce za a sake gobe da jibi, kuma ya kamata a ɗauke ta zuwa gari. Maliki ya ce ba za ta motsa ba.

A hanyar dawowa na ce, "Dabo, yaya ka gani?" Ya ce, "Kula da ƙafarka, akwai rami."

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Dabo ya tafi shi kaɗai, ya dawo. Rafin ya cika ya batse, ba ya hayuwa.

Talata, 28 ga Satumba, da yamma

Bai hayu ba.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan azahar

Huraira ba ta zo kasuwa ba. Wata Bafillatana ce ta gaya wa Furera. Tun Talata ne, da hantsi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Furera ta faɗa mini a tsaye, ta shiga ɗaki ta rufe ƙyaure. Talatu na tsakar gida tana wasan 'yar carafke.

Jumma'a, 1 ga Oktoba, da safe

Ya kamata in je ta'aziyya. Ruwa ya janye, Dabo ya ce ana hayewa. Na ɗauko keke na kai shi ƙofa, na mayar.

In na je zai ce haƙori na zo karɓa. In ban je ba zai ce ban damu ba. Ba wannan ne dalili ba. Tsoro nake ji.

Asabar, 2 ga Oktoba, bayan magariba

Jikin Talatu ya yi ɗumi da yamma. Ta ƙi tuwo.

Dabo ya zo ya duba, ya ce zazzaɓin sauro ne, rabin yaran gari na yi a wannan lokaci. Ya ba da kwinin. Na sa ta buɗe baki na duba giɓin. Dasashin lafiya lau, ba ja ba kumburi. Bayan ɗan lokaci na sake dubawa. Da na zo na uku Furera ta ce, "Bar ta ta huta." Ita ce maganar farko da ta yi mini tun Alhamis.

Ta karɓo rubutu wajen Liman. Ni na riƙe wa Talatu ƙoƙon ta sha.

Lahadi, 3 ga Oktoba, da hantsi

Maliki ba mugu ba ne. Na san shi. Bara da nake zuwa rugarsa kullum sai ya sa an dama mini fura. Mai salla ne. Kuma ko da ya so, ba abin da ɗan ƙashi zai yi. Haka aka koya mana, haka nake koyarwa.

Amma an ce akwai wani tsoho a ƙauyukan cikin dajin nan da ake kai wa irin waɗannan abubuwa. Mutumin da ya binne 'yarsa ba a san abin da zuciya za ta raya masa ba. Ni ma ban san abin da zan yi ba in ni ne.

Zazzaɓin ya sauka da safe. Ya dawo.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Talatu ta ce wuyanta na ciwo. Na shafa, ban ji komai ba. Furera ta shafa, ta ce ta ji.

Laraba, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Talatu ta kwana ba zazzaɓi, ta sha koko. Na tafi makaranta. Yara 'yan kaɗan ne, na haɗa su aji ɗaya. Ina rubutu a allo na ji sun yi tsit. Na juya.

Maliki ne a bakin ƙofa. Ya rame. Ya jingine sandarsa a bango, ya cire takalmi, ya yi sallama. Alli ya faɗi daga hannuna. Na yi masa ta'aziyya, ban san yadda kalmomin suka fita ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Kwananta ne ya ƙare."

Ya cire hula, ya ciro tsumman, ƙullin nan dai bai canza ba. Ya kamo hannuna ya sa a ciki ya rufe yatsuna a kai.

Ya ce, "Ga na taka. Ba ni da abin da zan yi da shi. Mun tashi, za mu yi kudu."

Na sa tsumman a aljihu. Yana ta kallon cikin ajin, bai taɓa shigowa ba.

Ya ce, "Ina take zama?"

Na nuna masa ƙarshen benci na biyu, wajen taga. Yarinyar da ke kusa ta matsa. Ya je ya tsuguna, ya ɗora hannu a kan katakon. Ya leƙa ta tagar don ya ga abin da ake gani daga nan. Ɗorawa ce kawai da hanyar rijiya.

Ya ce, "Ta iya rubuta sunanta?"

Na ce ta iya, tun kafin Salla.

"Rubuta in gani."

Na ɗauki allin daga ƙasa, na share gefen allo, na rubuta da manyan baƙaƙe. Ya matso kusa ya duba.

Ya ce, "Duka ke nan?"

Na ce duka ke nan.

Ya ce, "Gajere ne."

Ya sa takalminsa, ya ɗauki sanda, ya tafi. Na sallami yara tun lokaci bai yi ba. Ban share allon ba.